Katangar cikona ta kife a daren Talata: bulo ne, siminti ne, ko ruwa?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Injiniyoyi da maginan zauren nan, shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Filina a Gombe a kan gangare yake, gidan maƙwabcina yana ƙasa da ni. Bara muka ja katanga a kan iyaka, muka cike bayanta da ƙasa don tsakar gida ya daidaita. Tsawonta mita 18, tsayin cikon ya kai mita 3. Bulo inci 9 ne aka ɗura wa kankare, da fila duk bayan mita 3, kowace fila rodi mai kaurin milimita 12 guda huɗu. Daren Talata aka yi ruwa tun bayan isha har tsakar dare, sai wajen mita 7 na tsakiyar katangar ya kife cikin gidan maƙwabcin, ya danne masa madafi da akurkin kaji. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Magini ya ce simintin ne ba shi da kyau, wanda ya karɓi aikin ya ce ƙaddara ce. In ƙara yawan fila in sake mayar da ita yadda take, ko yaya zan yi?

Sani Tipa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba.

Maman Ilham: Subhanallahi. Da da rana ne ai da yara suna wurin. Sannu Baban Sadiq, a yi wa maƙwabci jaje.

Injiniya Rabi: Allah ya tsare gaba, Malam. Kafin kowa ya yi lissafi, ragowar mita 11 ɗin da ba ta faɗi ba ita ce abin tsoro yanzu. A hana kowa zama ko kwana a ƙarƙashinta, a sa leburori su kwashe ƙasar bayanta ko da mita ɗaya ne daga sama, tun kafin wani ruwan. Sannan ka amsa min waɗannan. Da wace ƙasa aka yi cikon? An bar ƙofofin fitar ruwa a jikin katangar? Ruwan rufin gidanka ina yake zuba? Akwai wani abu mai nauyi a kan cikon? Kuma yaya ta faɗi: ta tumɓuke da harsashinta, ta zame gaba, ko karyewa ta yi a gindi?

Baban Sadiq: Na gode Hajiya. Ƙasar da aka haƙo daga ramin sokawe da harsashin gida ce, jar ƙasa mai laka, har da ɓaraguzan bulo da buhunan siminti duk an tura ciki. Ƙofar ruwa babu ko ɗaya, domin maƙwabcin ya ce kar a zubo masa ruwa a gida. Indararon ɗakunan baya guda uku a wajen suke zuba. Akwai tankin ruwa mai lita 5,000 kamar taku ɗaya daga katangar. Harsashi yana nan a cikin ƙasa bai motsa ba, a gindi ta karye, rodin filolin ya lanƙwashe kamar an murɗe ƙyauro. Wani abu kuma da na tuna: da farko mita 2 muka yi niyya, da ƙasa ta yi saura sai aka ƙara layin bulo aka cike.

Injiniya Rabi: To Malam, a saki siminti ya huta, ba shi ya kayar da katangarka ba. Bari in yi lissafin a fili kowa ya gani.

Ƙasa ba ƙasa kawai take dannawa ba, tana kuma turi gefe. Ka zuba yashi a buhu ka ga yadda cikinsa yake kumbura. Mita ɗaya ta kowace fuska na ƙasar ciko nauyinsa wajen kN 18 ne (kN shi ne kilonewton, ma'aunin ƙarfi), wato kusan tan 1.8. A ƙasa mai yashi-yashi da tulinta yake tsayawa a kusurwar digiri 30, turin gefe kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin da ke sama. Wannan kashin shi muke kira Ka. Turin yana farawa daga sifiri a sama yana ƙaruwa har gindi, shi ya sa jimillarsa take zama rabi sau Ka sau nauyin ƙasa sau tsayi sau tsayi.

A mita 2 da kuka yi niyya: rabi sau 1/3 sau 18 sau 4, kN 12 a kan kowace mita ta tsawon katanga. A mita 3 da kuka ƙare: kN 27. Kamar nauyin buhun siminti 55 ne yana tura kowace mita ɗaya ta katangar a kwance. Amma abin da yake karya gindi shi ne ƙarfin murɗa, wato turin sau nisansa daga gindi, kuma turin yana tattaruwa ne a kashi ɗaya bisa uku na tsayi. A mita 2 murɗar 8 ce, a mita 3 ta zama 27. Mita ɗaya tak da aka ƙara don kar ƙasa ta yi asara ta ninka murɗar fiye da sau uku.

Duk wannan fa ƙasa a bushe ke nan.

Auwal Ɗalibi: Anti, in ruwa ya cika bayanta kuma fa? Mu a aji an ce mana nauyin ƙasa yana raguwa a cikin ruwa, sai nake ganin kamar turin zai ragu.

Injiniya Rabi: Rabin karatun ka riƙe, Auwal. Ƙasar tana yin sauƙi a cikin ruwa, gaskiya ne. Jiƙaƙƙiyar ƙasa wajen 20 ce, ka cire 10 na ruwa, saura 10. Turinta ya koma rabi sau 1/3 sau 10 sau 9, wato 15. Amma shi ruwan ba ya san wani Ka, yadda yake danna ƙasa haka yake tura gefe, cif. Nasa turin rabi sau 10 sau 9, wato 45. Ka haɗa, 60. Daga 27 zuwa 60 a dare ɗaya, kuma kashi uku cikin huɗu na ruwa ne zalla.

Yanzu mu je kan filar. Fila mai faɗin bulo inci 9 da rodi 12 guda huɗu, biyu ne kawai suke aikin ja, na ɓangaren ƙasa. Abin da za ta iya ɗauka na murɗa bai wuce 15 ba ko kusa da haka. Tana tare mita 3 na katanga, ke nan a bushe ana neman 81 a wurinta, a jiƙe 180. Ban ma sa tanki ba tukuna. An ɗora wa jaki kayan raƙumi goma.

Baba Birkila: Salamu alaikum. Ni ban yi boko ba, amma shekara 35 ina riƙe da cokalin gini. 'Yata Injiniya, in lissafin nan naki haka yake, ai da ranar da aka gama cikon za ta faɗi, tunda kin ce ko a bushe an fi ƙarfinta sau biyar. To ta yi shekara a tsaye. Ni da hannuna na yi irinta ba ɗaya ba ba biyu ba, suna nan har yau. Ganuwar Kano da ƙasa aka yi ta, ba rodi ba siminti, ta yi ɗaruruwan shekaru. Ku je Jos ku ga katangun dutse a gefen tsauni, ko siminti babu a wasu. Ni a ganina aikin ne aka yi wa ha'inci, a duba kwaɓin.

Sani Tipa: Baba ya zo da magana fa.

Injiniya Rabi: Baba, ranka ya daɗe, tambayarka ta fi duk lissafin da na yi, kuma kai ka san amsarta fiye da ni. In ka haƙa ramin masai a jar ƙasa da rani, bangonsa yana tsayawa sak mita 3 ba tare da ka tokare shi da komai ba, ko ba haka ba? Laka tana da danƙo, in ta bushe ita take riƙe kanta. Katangar Malam ba ita ta riƙe cikon ba a shekarar nan, cikon ne ya riƙe kansa, ita tana tsaye a gabansa kamar labule. Ran da ruwa ya ratsa shi danƙon ya saki, ranar ce aka fara tambayarta aiki, ranar kuma ta faɗi. Waɗanda ka gina suke tsaye, zan iya cewa ko dai gajeru ne, ko ruwa yana da hanyar fita, ko an yi daɓe a sama ruwa ba ya shiga.

Ganuwa kuwa ba ciko take tarewa a bayanta ba, kanta take ɗauke da shi, ga gindi mai faɗi sama a tsuke. Katangun Jos su ma hujjata ce: suna da kauri, an kwantar da su baya kaɗan suna jingine da tudu, sannan ruwa yana tsiyaya ta tsakanin duwatsun. Nauyi da hanyar ruwa, abin da bulo inci 9 da aka shafe da filasta ba shi da ko ɗaya.

Baba Birkila: Maganar ramin masai gaskiya ce, na sha ganin wanda ya tsaya da rani ya rufta da damina. Amma ban janye batun kwaɓi ba. Baban Sadiq, ɗauki guntun kankaren cikin bulon ka murza da hannu ka gaya mana.

Baban Sadiq: Baba, na gwada. Ba ya murzuwa, sai da guduma. Amma wasu ramukan bulon na ƙasa na ga ba su cika ba, akwai kogo a ciki.

Baba Birkila: To ka ji. An ɗura daga sama ba a soka ba.

Injiniya Bukar: Assalamu alaikum daga Maiduguri. Baba yana da gaskiya a kan kogon, sai dai ko da an cika ramukan taf, kankare marar rodi ba ya jure ja, da ta ƙara minti kaɗan ne kawai. Ina so in tsaya a kan ita ƙasar cikon, domin mu nan ita ce ciwon kanmu. Wanda ya san wajen Dikwa, Marte da Ngala ya san baƙar ƙasar firki, akwai irinta a wajen Numan. Da rani tana darewa har ƙafarka ta faɗa ciki, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Ka sa irin wannan a bayan katanga, kumburinta kaɗai zai iya wuce duk abin da lissafin Ka zai ba ka, kuma kowace shekara tana ɗan tura katangar gaba, in ta bushe ƙura ta cike tsagar, baɗi ta sake turawa daga inda ta tsaya. Ba ta komawa baya.

Jar ƙasa mai laka ba ta kai firki ba, amma tana da nata halin. Tana janyewa daga jikin katanga ta bar tsaga a sama. A lissafi, ƙasa mai danƙon kN 10 a murabba'in mita tana iya tsagewa har zurfin kusan mita 2. Ruwan indararo ya sami wannan tsagar ya cika ta cikin 'yan mintuna, tun ƙasar ba ta jiƙe ba. Ruwa mai zurfin mita 1.9 a tsaga mai faɗin yatsa yana tura kN 18 a kowace mita, daidai da yadda tafki guda mai wannan zurfin zai tura. Mutane ba sa yarda da wannan sai an nuna musu: faɗin ruwan ba shi da muhimmanci, zurfinsa ne. Baban Sadiq, ka taɓa ganin tsaga tsakanin ƙasa da katangar?

Baban Sadiq: Wallahi akwai. Tun watan azumi na gan ta, har Sadiq yana zura sanda a ciki yana wasa. Na ce wa yaro ya zuba ƙasa ya toshe.

Injiniya Bukar: To ita ce ƙofar da ɓarawon ya shiga.

Auwal Ɗalibi: Yallabai, ni abin da ya rikita ni shi ne yaushe ake amfani da Ka, yaushe ake amfani da K0. Kuma tsakanin Rankine da Coulomb wanne ya fi daidai? Jarrabawa ta matso.

Injiniya Bukar: Ka zo da jarrabawarka wurin jaje, ba komai. Ƙasa tana da hali uku a bayan katanga. In katangar ta ɗan matsa gaba ta ba ta wuri, ƙasar tana sakin jiki, ƙwayoyinta su riƙe juna, turin ya sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa. Wannan Ka ne, 0.33 a digiri 30. Matsawar da ake buƙata kaɗan ce, a yashin da aka danne sosai kamar kashi ɗaya cikin dubu na tsayi, wato milimita 3 a katanga mai mita 3. Masanin ƙasar gini Terzaghi ya nuna haka da manyan gwaje-gwajen da ya wallafa a 1934. In kuwa katangar ba ta da damar motsi ko kaɗan, kamar bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da rufin kankare ya tokare samansa, ko bangon kwalbati, ƙasar tana nan a zaune yadda take. Wannan K0 ne, ana samunsa da ɗaya a cire sin (sine na lissafi) na kusurwar, dabarar injiniya Jaky ta 1944, wato 0.5. A mita 3 turin ya zama 40.5 maimakon 27. Wanda ya yi wa bangon ɗakin ƙasa lissafi da Ka ya rage wa kansa kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ke zuwa. Na uku, in katangar ce take tura ƙasa, ƙasar tana turjewa. Wannan Kp ne, 3 a digiri 30, amma sai an matsa sosai kafin a samu duka.

Coulomb injiniyan sojan Faransa ne, aikinsa ya fito a 1776. Ya ɗauki yankin ƙasa mai kamar tsinin gatari da ke son zamewa, ya lissafa har da gogayya tsakanin ƙasa da bayan katanga. Rankine ɗan Sikotlan ne, nasa 1857, ya ɗauka bayan katangar sumul yake a miƙe. In ƙasa a shimfiɗe take, bango a miƙe, ba gogayya, amsarsu ɗaya ce. Ni a ƙaramin aiki Rankine nake bi, ya fi sauƙi kuma yana ɗan ba da rara a wajen turi. Coulomb nake ɗaukowa in bayan katangar a karkace yake. Amma ka yi hattara da Coulomb a wajen turjiya, in gogayyar ta yi yawa yana ba da adadin da ya wuce gaskiya.

Injiniya Rabi: Ƙari ɗaya, Auwal: in cikon bai kwanta ba, yana hawa tudu daga bakin katanga, 0.33 ba ta aiki. A hawan digiri 20 sai ta koma wajen 0.41. Masu gini a gefen duwatsun Abuja, irin su Guzape da Katampe, kullum da wannan suke fama.

Sani Tipa: Ni dai bari in yi magana a kan abin da na sani. Kullum injiniyoyi sai su ce a kawo tsakuwa da yashin kogi a yi ciko, alhali ga ƙasa kyauta a wurin. Kun san nawa tipar tsakuwa take yanzu? Mai gida da ƙyar ya sayi siminti. Kuma in ana so ciko ya zauna, mu mukan ja tipa da lodi mu bi ta kai sau biyar shida, ya fi duk wani dandaɓe da hannu.

Baban Sadiq: Haka aka yi a nawa ma. Tipar ta yi ta baya-baya har kusa da katangar.

Injiniya Rabi: Malam Sani, Allah ya bar zumunci, amma wannan al'adar taku tana kashe katanga tun tana jaririya. Tayar tipa mai lodi in ta danna ƙasa kusa da bango, ƙasar tana bajewa gefe ta matse shi, kuma in tipar ta tafi matsin ba ya tafiya duka, wani yana maƙalewa a ciki. A mita ɗaya ko biyu na sama wannan matsin yakan fi na Ka nesa ba kusa ba. Sau da yawa kuma ana yin haka kankaren bai cika kwana 28 da ake jira ya yi ƙarfi ba. Ba mamaki gindin filolin Malam ya tsage tun ranar, ba wanda ya gani saboda ƙasa ta rufe wajen. Ƙa'ida ita ce a zuba ciko kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, a daddaɓe da ƙaramin inji na hannu, babbar mota kuma ta tsaya nesa da bango, aƙalla kamar tsayinsa.

Batun tsada kuwa, ba wanda ya ce a cike tsakar gida duka da tsakuwa. Zirin santimita 30 zuwa 50 a jikin katanga daga gindi zuwa kusa da sama ya isa hanyar ruwa. A katangar Malam, 18 sau 3 sau 0.4, bai kai kubik mita 22 na tsakuwa ba. Ka kwatanta da kuɗin katanga biyu da madafin maƙwabci. Bayan zirin a sa burji mai kyau ko ƙasa mai yashi, a raba su da tsakuwar da ƙyallen tace ƙasa don kar laka ta toshe ta. Can sama a rufe da laka ko daɓen kankare mai gangara, ruwan sama ya gudu maimakon ya nutse.

Sani Tipa: To Hajiya, in dai za a sayi tsakuwar ai ni riba ta ce, na yi shiru.

Mahamadu Damagaram: Sallama daga Zinder. Mu nan ƙofofin ruwan barbakan muke ce musu, daga Faransanci. Abin da na lura, mutane suna sa bututun amma aikin banza, saboda suna cusa shi kai tsaye cikin laka, damina ɗaya ya toshe, ƙadangaru su mai da shi gida. Wani kuma mai filasta ne zai zo ya shafe bakin don katanga ta yi kyau. Bututu mai milimita 75 ko 100, tazarar mita 1.5 zuwa 2, layin farko dab da ƙasan waje, bakinsa na ciki a lulluɓe da tsakuwa, a ɗan sunkuyar da shi waje. In an yi ruwa ka je ka duba. Barbakan da bai taɓa zubar da ruwa ba, kar ka yi murna, ka zura sanda.

Baban Sadiq: Malam Mahamadu, matsalar ke nan, bakin bututun gidan maƙwabci zai kalla. Yanzu ma da ƙyar muke gaisawa.

Injiniya Bukar: Akwai mafita. A shimfiɗa bututu mai huji-huji, milimita 100, a gindin katangar ta ciki, cikin tsakuwar, da ɗan gangare zuwa ƙarshen da ya fi kusa da lambatun titi. Ruwan ya fita ta gefe ba ta gidan kowa ba. A bar wurin da za a iya buɗewa a wanke shi. Indararon nan uku kuma a haɗa su da nasu bututun daban, kar a zuba su cikin na gindin katanga, sai ka mai da magani cuta. Rufi mai murabba'in mita 60 in aka yi ruwan milimita 50, lita 3,000 ke nan, duk a bayan katangarka suka sauka a daren.

Maman Ilham: Tankin fa? Ba wanda ya koma kansa.

Injiniya Rabi: Lita 5,000 tan 5 ne. In muka ƙaddara shi kamar kN 10 a kan kowane murabba'in mita, yana ƙara turin 10 a wajen da yake, kuma a tsakiyar tsayi yake aiki, murɗarsa 15, fiye da rabin ta ƙasar duka. Ga ambaliyarsa duk ran da aka manta ba a kashe famfo ba. Malam, ina tankin yake daga inda ta karye?

Baban Sadiq: Daidai wajen ne, Hajiya. Shi ma ya bi ta, ya fashe.

Baba Birkila: To yanzu Injiniya, ki faɗa mana yadda za a gina, tunda rushewar kowa ya gane.

Injiniya Rabi: Baba, zan faɗi siffa, amma ba zan ba da yawan rodi a zaure ba, kuma duk wanda ya ba shi ba tare da ya ga ƙasar wurin ba yana wasa da ran maƙwabci ne. A mita 3 aikin ya wuce bulo. Kankare mai rodi ake zubawa, bango da tafinsa a haɗe kamar harafin T a kife. Faɗin tafin yakan kama rabi zuwa kashi bakwai cikin goma na tsayi, a nan wajen mita 2, mafi yawansa a ƙarƙashin cikon, domin nauyin ƙasar da ke kansa shi ke hana katangar kifewa. Misali bango mai kaurin santimita 30, diddige, wato ɓangaren tafin da ke ƙarƙashin cikon, mai mita 1.2: ƙasar da ke kan diddigen kusan 65, bango 22, tafi 14, jimilla wajen 100. In gogayyar ƙasan tafin rabi ce, tana riƙe 50. Turin busasshiyar ƙasa har ƙasan tafi wajen 33 ne, riƙon ya ninka turin sau ɗaya da rabi, rarar da ake nema a kan zamewa. Ka bar ruwa ya cika, turin ya haura 70, ita ma wannan mai tsadar sai ta zame. Babban rodi kuma a fuskar da ke kallon ciko yake zama, ya lanƙwasa ya shiga cikin tafi. Na taɓa zuwa wani aiki na tarar mai ɗaurin rodi ya juya shi waje, wai nan ne katanga take faɗawa. Sai da muka kwance duka.

Injiniya Bukar: Kuma kar injiniyan ya dogara da turjiyar ƙasar gaban katangar. Gidan wani ne. Gobe maƙwabci ya haƙa lambatu ko ramin shuka a gindinta, turjiyar ta tafi, ba kuma za ka hana shi ba. Ni sifiri nake sa mata.

Baba Birkila: Ni kuwa da gidana ne, ba zan yi doguwa ɗaya ba. Hawa biyu zan yi, mita ɗaya da rabi kowanne, kamar matakala, in shuka wani abu a tsakani. Haka manoman kan dutse suke yi tun kakanni.

Injiniya Rabi: Wallahi Baba ka fi mu. A mita 1.5 turin bai kai 7 ba, murɗar ba ta kai 3.5 ba, kashi ɗaya cikin takwas na ta mita 3. Sharaɗin dai a ja ta sama baya sosai, kamar ninki biyu na tsayin ta ƙasa, in ba haka ba ta saman ta zama kaya a kan ta ƙasan, an koma gidan jiya. Malam zai rasa wajen mita 3 na tsakar gida. Akwai kuma kwandunan waya da ake cikawa da duwatsu, irin waɗanda ake sawa a bakin kwazazzabai, ruwa yana wucewa ta cikinsu, amma suna cin wuri, kuma a cikin gida maɓoyar kunama da maciji ce.

Baban Sadiq: Mita 3 ɗin nan a nan uwargida take son a yi mata rumfa. Zan gwada shawo kanta. Na dai sa an fara kwashe ƙasar bayan ragowar katangar tun ɗazu, leburori huɗu. Da suka yi zurfin gwiwa ƙasar kamar kunu take, ruwa yana tsattsafowa, ga shi yau kwana uku rabon da a yi ruwa. Akwai wanda ya san injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, a nan Gombe da zai zo ya gani da idonsa? A turo min ta akwatin sirri.

Injiniya Bukar: Zan turo maka. Ka ce ya haƙa rami biyu na gwaji a gindi kafin ya zana komai, kuma ka ajiye masa karyayyar fila ɗaya kar a kwashe.

Auwal Ɗalibi: Baban Sadiq, don Allah in an zo haƙa ramin gwajin a ɗauko mana hoto.

Baba Birkila: Kuma ka fara gina wa maƙwabci madafinsa kafin ka taɓa taka katangar. Kaji nawa suka mutu?

Baban Sadiq: Tara, Baba. Ya ce har da mai kwanci.